Hatsin da Ya Zuba a Gidan Baffa

Na Allah ne mu duka, Baffa dai ya riga mu amsa kira. Ya cika a ƙarshen bazara, lokacin da zafin Kaura ke korar mutum daga ɗaki, hadari yana haɗuwa a gabas kullum la'asar, ya yi baƙi ƙirin, sannan ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. Ƙanin mahaifina ne, amma ni ban san wani uba ba sai shi, don ina 'yar mitsitsiya mahaifina ya rasu, shi ya ɗauke ni riƙo. Ina rubuta wannan ne saboda na ga yadda ake manta mutane a garin nan. A yi addu'a, a naɗe tabarmi, kowa ya kama gabansa.

Ranar da aka kai shi makwancinsa ina bayan ƙyauren zaure ina jin masu gaisuwa. Tsofaffin abokan aikinsa na gwamnati sun zo da motoci, suna ta cewa mutum ne mai gaskiya, sai ɗaya ya rage murya ya ce, "Sai dai taurin kai, Allah shi gafarta mai." Na ce a raina, kai ma ka ɗanɗana ke nan. Malaman danginmu suna ta jan addu'a. 'Yan kasuwar hatsi na Shinkafi kuwa mota guda suka cika suka zo, duk da halin da hanya take ciki. Wani dattijo a cikinsu yana hawaye yana dariya lokaci guda, yana cewa, "Yanzu wa za shi tare mu da 'nawa tiya' tun ba mu gaisa ba?"

Bayan la'asar aka ce ana sallama da ni. Sarkin noman tungarmu ne, wani ƙaramin ƙauye gaba da Banga inda kakanninmu suka fito, inda gonar gadonmu take. Shi da mutanensa sun daɗe a Kaura suna raɓe a kangayen mutane tun da 'yan bindiga suka tashe su. Ya yi mini gaisuwa, ya ja carbi, ya ɗaga kai ya dubi sama.

"Ɗiyata, ki yi haƙuri, yau ba ranar wagga magana ba ta. Amma kin ga hadari. Irin shina nan?"

"Shina nan, Baba. Rataye ɗakinshi, da idona na gani."

Ya sauke wani dogon numfashi ya tafi.

Irin da yake tambaya dami guda ne na gero, gargasa mai gashi, wadda tsuntsu ba ya son sauka a kanta, ga saurin nuna. Tun kakanmu ake shuka ta a tungar. Da mutanen suka gudo ba su fito da komai ba, wanda ya samu ɗan hatsi a ƙulle kuma yunwa ta sa ya cinye. Na wurin Baffa kaɗai ya rage. Kowace damina sai ya shuka shi a ɗan filin bayan gidanmu don kada ya tsufa ya ƙi tsira, da kaka ya zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, ya ɗaure, ya rataye a ɗakinsa. Bana an ɗan samu lafawa, wasu daga mutanen tungar sun yanke shawarar su riƙa zuwa gonakin kusa da hanya su dawo gari kafin rana ta yi sanyi. Baffa ya yi musu alkawari, ruwan farko yana sauka zai kwance damin ya raba musu. Bai kai ruwan farkon ba.

Mu gidan malamai ne da alƙalai. Shi kaɗai ya ɓalle ya tafi jami'a ya karanto tattalin arzikin noma, gwamnati ta ɗauke shi aiki. Gwaggo, yayarsa, har ya mutu ba ta yarda wannan karatu ba ne. Takan ce, "An aike shi neman ilimi ya koyo tambayar kuɗin gero. Ni ma da ban shiga boko ba na iya." Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Ke kina tambaya ki saya, ni ina tambaya in san wanda za shi kwana da yunwa watan gobe."

Aikinsa ke nan fa. Ofis yana da shi, da tebur da fanka, amma ba ya zama. Ranar kasuwar Shinkafi yana can, ranar ta Zurmi yana can, ya ɗaure tiyarsa ta kansa a bayan babur, don ya ce tiyar kasuwa da kaka ciki gare ta, da bazara kuma sai ta rame. Yakan tsuguna gaban masu awo ya damƙi hatsi ya shinshina, ya tambayi daga wane gari aka kawo, wa ya sayar, me ya sa ya sayar. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ta fi damunsa. Abin da ya ci masa rai duk tsawon aikinsa shi ne manomi ya sayar da hatsinsa da kaka yana arha, ya dawo tsakiyar damina ya sayi wannan hatsin da tsada a hannun wanda ya sayar wa. Saboda haka yake son gargasar kakanmu. Ya ce tana nuna daidai lokacin da rumbu ya koma fanko, kasuwa kuma ta yi wuta, sai ta tare mutum kafin ya kai akuyar matarsa kasuwa.

Ba mutum ne mai sauƙin zama ba, kada wani ya ji na yabe shi ya ɗauka waliyyi ne. A gidansa hatsi ba ya zuba ƙasa. Wallahi ko ƙwaya ce ya gani kusa da turmi sai ya tsaya a kanta ya kira duk wanda ke gidan. Mun sha tsugunno muna tsince gero cikin yashi, rana tana dukan ƙeyarmu, yana tsaye yana cewa, "Wanga da kuka takawa, wani ya yi wata da watanni duƙe kanshi." Ina yarinya na tsani wannan hali, nakan ce a raina Allah Ya kai ni gidan da ake zubar da abinci. Inna, matarsa, ta gaji da faɗa ta koma shimfiɗa buhu a ƙarƙashin turmi.

Haka rigimarsa da Yaya, babban ɗansa, da ke aiki a birni. Yaya ya zo hutu da niyyar alheri, ya kawo siminti zai malale tsakar gida, don damina tana yi mana caɓi. Baffa ya ce ko kusa. "Gidan da ruwa ba shi shiga ƙasa ba gida ba na, kwano na." Yaya ya yi fushi ya koma bai kwana ba, simintin ya daskare a zaure, muka mai da shi wurin zama. Sai da aka yi salla biyu kafin su shirya.

Babbar rigimarsa kuwa a wurin aiki ya yi ta. Wata shekara takin gwamnati bai iso ba sai da gero ya fara fitar da kai. Aka kafa rumfa, aka kawo lasifika, wani babba ya zo daga sama zai ƙaddamar da rabo. Aka miƙa wa Baffa lasifika ya yi godiya a madadin ma'aikata. Ya karɓa ya yi sallama, ya ce ranka ya daɗe mun gode, amma takin nan na baɗi ne, bana ta wuce, duk wanda ya karɓa yau gobe kasuwa zai kai shi. Wai wurin ya yi tsit, sai tari. Ba a yi wata ba aka tura shi Zurmi, aka ba wani kujerarsa. Inna ta yi kuka, shi kuwa ya dawo gida yana fara'a, ya ce an kai shi kusa da masu noma, a haɗa mai kayansa. Bai ƙara samun ƙarin girma ba har ya yi ritaya, kuma ban taɓa jin ya ce da ya sani ba.

A Zurmi ne na ga wani abu da ya sa na daina jin haushin tsintar gero. Na je hutu wurinsa, ya ɗauke ni a babur zuwa Dauran. A bakin kasuwa muka tarar da wata mata da mijinta ya rasu, ta loda wa jaki duk abin da gonarsu ta bayar za ta sayar. Baffa ya tsaya ya tare jakin. Ya tambaye ta buƙatar da ta taso, ta faɗa. Ya auna mata da tiyarsa daidai abin da zai biya buƙatar, ya ce sauran a juya da shi. Ta ce ba ta da rumbu, nasu ya faɗi da damina. Sai ya sa aka kai hatsin ɗakin kwanansa na gidan ma'aikata, shi ya koma kwana a baranda. Duk lokacin da ta buƙata ta zo ta ɗiba. A hanyar komawa na ce, "Baffa, ka san ta?" Ya ce, "A'a. Riƙe ni da kyau, akwai yashi gaba."

Shekarunsa na ƙarshe cikin zullumi ya yi su. Mutumin da ya saba yawon kasuwanni ya koma zama ƙofar gida da rediyo a kunne. Duk motar hatsin da ta wuce sai ya bi ta da ido, ya ce ba ta cika ba. In an ce an tashi wani ƙauye, ba adadin shanun da aka kora yake tambaya ba, cewa yake, "Sun yi shuka?" Wata rana na dawo daga makarantar da nake koyarwa na same shi ya tasa abinci a gaba bai taɓa ba. Ya ce da ni, "Malama," haka yake kirana in zai yi maganar da ta dame shi, "duk lissafin da munka yi, mun sa fari, mun sa fara, mun sa faɗuwar kasuwa. Ba wanda ya sa bindiga." Daga nan ya ce yanzu gargasar ta ƙara daraja, don duk ranar da ta rage wa manomi ta zuwa daji, rai ne ta tsare.

To, ga abin da ya faru ana gobe sadakar uku. Da safe na fita zuwa makaranta in nemi a ƙara mini hutu. Gwaggo ce ke riƙe da gidan, don Inna tana ɗaki cikin takaba, ko an yi mata magana sai dai ta ɗaga kai. Gwaggo mace ce da ba a yi mata gardama, kuma a wurinta mamaci bai samu gata ba sai an raba gumba a sadakarsa, ko da malaman gidan suna gunaguni. Ta duba rumbu ba gero, don rabonmu da amfanin gonar tunga an daɗe. Yaya ya ce a jira ya aika kasuwa, ta ce gumbar ɗan'uwanta ba da hatsin awo ba, mutumin da ya ƙare rayuwarsa kan noma. Ta shiga ɗakinsa neman tabarmi, ta ɗaga kai ta ga dami.

Tun daga zaure na ji lugude. Ina shiga tsakar gida na ga ƙaiƙayi yana tashi, mai gashi-gashi, yana manne wa mata a zane suna susa. An sussuke, an sheƙe, an surfe, an wanke, matan unguwa sun kewaye turame suna kirɓawa da sukari. Igiyar da Baffa ya ɗaure damin da hannunsa tana yashe a ƙasa.

Ban san lokacin da na yi ihu ba. "Gwaggo! Mi kunka yi? Iri na! Irin mutanen tunga na!"

Taɓare suka tsaya. Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa. "Ke, rage murya, gidan mutuwa a kike. Hatsinshi na, sadakarshi ta. Wa ya fi shi cancanta?"

"Shi da ko ƙwaya ba ya bari ta faɗi? Ya yi musu alkawari, Gwaggo! Jiya-jiya na ce ma sarkin noma shina nan. In ruwa ya sauka mi za su sa ƙasa?"

"Kasuwa ta ƙone ne? A sayo musu wani."

"Babu shi kasuwa! Babu shi ko'ina, wanga kaɗai ya rage!"

Sai muka ji muryar Inna daga bayan labule, muryar da ba mu ji ba tun ranar rasuwa. A hankali ta ce da Gwaggo, "Yaya, gargasar Baba ta. Ta babanku."

Gwaggo ta sunkuya ta ɗauki ƙaiƙayin ta murza a tafin hannunta. Na ga fuskarta ta canza. Ta yi aure tana yarinya ta bar tunga, rabonta da taɓa gargasar tun tana kai wa mahaifinsu fura gona, amma hannunta ya gane ta. Ta shige ɗaki ta saki labule.

Washegari aka raba gumbar. Abin da ya fi ƙona mini rai, har mutanen tunga aka miƙa wa, suka karɓa da hannu biyu suna sa wa Baffa albarka, suna cin irinsu ba su sani ba. Ni ko ɗanɗanawa na kasa. Na riƙa ɓuya kada sarkin noma ya aiko kirana, in na ji sallamar namiji a zaure sai in shige ɗaki. Yaya ya bi kasuwanni da waya yana cigiya, aka kawo mai gero iri-iri, ba gargasarmu a ciki. Da la'asar ɗin ranar sadakar kuwa ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Gari ya ɗauki murna, yara suna tsalle cikin ruwa, ni ina zaune ina kuka kamar yau aka yi mutuwar.

Bayan 'yan kwanaki baƙi suka ragu, na fito da safe da tsintsiya zan share tsakar gida, wadda ba a share ta sosai ba tun da aka fara zaman makoki. Na duƙa ke nan sai na ji an damƙe mini hannu. Gwaggo ce.

"Kul! Aje tsintsiyar ga. Duba."

Na duba. Kewayen inda aka kafa turame, da gindin katanga inda aka watsar da ƙaiƙayi, ƙasa ta yi tsiri-tsiri da kore kamar allurai. Matan sun yi sussukar cikin gaggawa, gargasa kuma ba ta sakin ƙwaya da sauƙi, ba wanda ya shimfiɗa buhu, ba wanda ya tsaya a kansu ya ce a tsince. Kajin gidan an kulle su a akurki saboda baƙi. Tsakar gidan da ya hana a malale ta shanye ruwan ta riƙe ƙwayar. Tun da nake a gidan Baffa hatsi bai taɓa zuba ƙasa an bar shi ba sai ranar da babu shi.

Na tsuguna ina dariya ina hawaye kamar dattijon Shinkafi. Gwaggo ta ce in tashi in daina shashanci, in samo mata kwanduna da ƙaya.

Tun daga ranar Gwaggo ba ta koma gidanta ba. Ta kewaye wurin da ƙaya, ta kafa kujerarta kusa da shi da sanda a hannu. Akuyar maƙwabta ta san ta, jikokinta ma sun san ta. Da tsiron ya yi ƙwari muka cire shi da ƙasarsa muka yi dashe a filin bayan gida, ita da ciwon gwiwarta tana duƙe tana danna ƙasa da babban yatsa, tana yi mini faɗa wai ban iya ba. Bai cika ko rabin filin ba. Wasu sun kama, wasu sun bushe. Kuma tun ruwan da ya biyo bayan dashen sama ta ɗauke, ganyen ya fara naɗewa da tsakar rana. Yanzu a gindinsu Gwaggo take alwala, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da abin da ya rage a buta. Ni kuwa na gaji halin Baffa ba shiri, ina cikin aji ina leƙen gabas ta taga.

Mutanen tunga sun shuka geron kasuwa da Yaya ya saya musu, mai daɗewa a gona. Ma'ana bana za su yi ta zuwa daji har ƙarshen damina, kullum da safe matansu na raka su da ido. Wannan ba abin da zai gyara shi, kuma Gwaggo ta sani. Ban taɓa jin ta ce ta yi kuskure ba, ba za ta ce ba, amma duk safiya sai ta tambaye ni ko an ji labarin hanya.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yafe masa zafin ransa, Ya sa abin da ya ciyar ya tare shi a can. Mu kuma Ya ba mu ruwa.

Shekaranjiya sarkin noma ya sake sallama. Tuni na gaya masa gaskiya, a lokacin kai kawai ya kaɗa. Wannan karon ya tsaya a bakin filin bayan gida, ya daɗe yana duban 'yan tsirarun karan da ganyensu ya lanƙwashe.

"Ɗiyata, wanga za shi kai kaka kuwa?"

Sai Gwaggo ta taso daga tsakanin kunyoyin, buta a hannu, zanenta duk taɓo.

"Shina nan," ta ce. "Ku dai ku tsare ranku ku kai kakar. In kun zo, ni za ni ɗaure muku damin da hannuna."

Ya tafi. Ta juya ta dubi gabas, sama fes, ko gajimare babu. Ta miƙo mini butar ba ta dube ni ba.

"Ƙaro ruwa," ta ce.